Yadda ake farfaɗo da tsohuwar shimfiɗar ƙaramin jirgin ƙasa, da yadda ake kula da ita

Shimfiɗar ƙaramin jirgin ƙasa, wato na kwaikwayo da ake haɗawa a kan tebur, idan ta yi shekaru a rufe ba kasafai lalacewarta ke kai yadda ido ke nunawa ba. Ƙura ta lulluɓe gidajen tasha, ciyawa ta koɗe, kan jirgi, wato injin da ke jan taragai, ya ƙi motsi, ko ya ɗan taka ya tsaya cik. Mafi yawan wannan gardama daga wuri guda take fitowa, wato hanyar da wuta ke bi daga taransifoma zuwa waya, daga waya zuwa dogo, daga dogo zuwa ƙafar jirgi, sannan zuwa moto. Inda ƙafa ke taɓa dogo bai fi kan allura ba, kuma ɗan datti kaɗan ya isa ya yanke wutar. Don haka aikin yana da jeri: katako tukuna, sai wuta, sai dogo, sai kawunan jirgi da taragai, kwalliyar fili kuwa sai a ƙarshe. Wanda ya fara da dasa bishiyoyi shi zai tumɓuke su da hannunsa ranar da ya zo neman wayar da ta tsinke a ƙarƙashinsu.

Kafin ka jona komai

Ka ɗauki hotuna da yawa, sama da ƙasan teburin, ka manna ɗan salatif a kan kowace waya ka rubuta inda ta nufa. Kada ka yanke wayar da ba ka gane aikinta ba.

Daga nan ka gane sikelin da kake aiki da shi, wato girman ƙaramin jirgin idan aka kwatanta shi da na gaske. Auna tazarar da ke tsakanin dogo biyu, daga ciki zuwa ciki. Milimita 16.5 na nufin HO, mai ma'aunin 1:87, ko OO na Birtaniya, mai 1:76, domin su biyun layi ɗaya suke hawa. Milimita 9 sikelin N ne, 12 na TT ne, 6.5 na Z, 32 kuma na O. Tsayin dogon kansa ma yana da lamba: mai lamba 100 tsayinsa kusan milimita 2.5 ne, mai 83 kusan 2.1, mai 75 kusan 1.9. Wannan zai yi maka amfani lokacin sayen sabon layi, domin tsofaffin ƙafafu masu dogon leɓe sukan riƙa dukan maɗauran dogo a kan layi mai lamba 75, ka ji jirgi yana kaf-kaf-kaf yana tsalle.

Sai tsarin wuta, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada. Tsohon tsarin DC yana ba dogo wuta daga sifiri zuwa kusan bolt 12, yawan wutar shi ne gudun jirgi. A tsarin DCC wutar tana kan dogo kullum, wajen bolt 14 zuwa 15 a HO, umarni kuma yana bin ta zuwa dikoda, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarnin a cikin kowane kan jirgi. Akwai kuma tsarin kamfanin Märklin mai wutar AC, wanda za ka gane shi da ƙananan kusoshi jere a tsakiyar layi. Kan jirgin DC marar dikoda idan aka bar shi a kan layin DCC zai yi ta ƙugi yana zafi har moto ya ƙone. Tsohuwar taransifomar Märklin kuma tana aika wuta mai ƙarfi, wajen bolt 24, don juya alkiblar jirgi, wadda ke iya kashe dikodar da ba a ƙera ta don haka ba.

Duba taransifomar da kyau. Idan robar wayarta ta bushe tana farfashewa, ko jikinta ya yi tsatsa, ko tana warin ƙuna, ka ajiye ta ka sayi sabuwa. Wutar gida mai ƙarfi ba ta da wurin zama a ƙarƙashin tebur, inda hannu zai riƙa lalube a duhu.

Kwashe duk jiragen da duk abin da ba a manne ba. Ƙurar kuma a tashe ta da burushi mai laushi irin na masu zane, da bakin injin zuƙe ƙura a kusa. Ɗaura safa mai shara-shara a bakin bututun, ita za ta tare ƙananan mutane da fitilu da ƙugiyoyin da suka ɓalle.

Katako

Ɗora lebur a wurare da dama, tsaye da kwance. Filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12 yana riƙe kansa idan akwai sandar tokara a ƙasa kowane santimita 30 zuwa 40. Allon da aka yi da nikakken katako shi ya fi lotsawa, kuma idan ya sha laima ya kumbura babu gyara sai canji. Inda ya ɗan lotsa, a ƙara tokara a ɗaure da sukuru daga ƙasa a hankali, ana duba layin da ke sama kada ya tashi.

Mutane sukan ɗora wa zafi laifin lanƙwashewar dogo, alhali sau da yawa katakon ne ya tsuke bayan ya bushe, ya matse dogon har ya gantsare. Maganinsa abu biyu ne: shafa fenti ko banish a duk fuskokin katakon har da ƙasa da gefe, da barin ɗan gibi kamar rabin milimita a wasu mahaɗan dogo a miƙaƙƙen layi. Idan akwai hawa, auna shi. Tashin santimita 2 a kowace mita ɗaya shi ne abin da yawancin kawuna ke ja ba wahala, wanda ya wuce santimita 3 kuma zai rage yawan taragan da za a ja sosai.

Wuta

Da layi babu komai a kansa, kuma an cire taransifoma, sa maltimita, wato mitar auna wuta, a ma'aunin juriya ka taɓa dogon hagu da na dama. Idan ta nuna a haɗe suke, akwai inda wuta ke haɗewa. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne kusa ko sukurun da ya faɗa tsakanin dogo, gibin raba wuta da ya rufe saboda motsin katako, waya da aka juya, ko madauki da ke dawo da layi kan kansa ba tare da an raba shi ba. Kada ka yi ta zato. Raba shimfiɗar gida biyu ta hanyar zare mahaɗai ko cire waya, gwada kowane rabi, ka sake raba wanda ya nuna matsala har ka ƙure ta. Gibin da ya rufe a sake yanka shi da siririn zarto, a cusa ɗan siririn filastik da gam a ciki, a goge ya yi daidai da dogo don kada ya sake rufewa.

Bayan haka a jona wuta a auna ta a kowane sashe. Sai dai mita ita kaɗai tana yaudara, domin ba ta jan wuta, za ta nuna bolt 12 cif ko ta bayan mahaɗin da ya ci tsatsa. Haɗa ƙwan fitilar mota mai bolt 12, wat 5, da wayoyi biyu masu kilif, ka riƙa ɗora shi a kan dogo kana aunawa. Inda hasken ya dushe ko wutar ta faɗi fiye da bolt ɗaya, a nan matsalar take.

Kusan kullum mahaɗan dogo ne masu laifin. Aikinsu na asali daidaita bakin dogo da dogo ne, kuma da shekaru sukan saki su yi tsatsa. Dogon zamani, wanda ake yi da gaurayen tagulla da nikel da zinki, ba ya ɗaukar wuta da kyau kamar wayar tagulla. Gyara mai ɗorewa shi ne a ja manyan wayoyi biyu masu kaurin milimita murabba'i 1.5 zuwa 2.5 a ƙarƙashin tebur, suna bin layin, sannan a fito da ƙananan wayoyi masu kaurin 0.5 zuwa dogo. Kowace kada ta wuce santimita 30. Abin da ya fi shi ne kowane guntun dogo ya sami tasa wayar. Idan hakan ya yi yawa, to aƙalla kowace mita ɗaya. Launi biyu kawai, kuma kada a sauya: ja a dogo ɗaya, baƙi a ɗayan, har zagaye ya cika.

Liƙa waya da dalma a jikin dogo yana ba sababbi tsoro saboda narkewar katakan filastik da ke ƙarƙashinsa. Sirrin shi ne tsabta da sauri. Kankare gefen dogon na waje da ƙaramin magagari har ya yi ƙyalli, shafa dalma a bakin wayar daban, a jikin dogon daban, sannan ka haɗa su ka ɗora ƙarfen narkarwa mai wat 30 zuwa 40 na daƙiƙa biyu ko uku. Ƙarfe marar zafi sosai shi ke narka filastik, domin sai an daɗe ana dannawa. Jiƙaƙƙiyar auduga a kowane gefe tana tare zafin. A yi amfani da dalmar masu gyaran rediyo mai ƙaro a ciki. Ruwan liƙi mai asid irin na masu aikin famfo zai ci wayar a hankali, bayan shekara ka tarar ta yi kore ta ɓalle.

Mai DCC ya rufe da gwajin tsaba: ɗora kuɗin ƙarfe a kan dogo biyu a kowane sashe. Dole na'urar ta yanke wuta nan take. Inda ba ta yanke ba, wayar wurin ta yi siriri ko ta yi nisa, kuma ranar da jirgi ya sauka a wurin wutar za ta ci gaba da gudu har ta narka wani abu.

Dogo

A nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Samfefa tana sa dogo ƙyalli a yau, amma tana barin ƙananan ƙarce-ƙarce da datti zai maƙale a ciki, gobe ya fi jiya baƙi. Soson ƙarfe ya fi ta muni, domin maganaɗisun moto zai tsince burbushinsa ya ja shi cikin giya. Asiton da tinar fenti mai ƙarfi kuwa suna narka filastik.

Ga dogon da ya dushe ƙwarai, a yi amfani da robar goge layi da aka yi don wannan aikin, sau ɗaya, a zuƙe burbushin. Daga nan sai tsumma marar gashi da aka naɗa a ɗan katako, a ɗiga masa sinadarin goge-goge na isofurofil mai kashi 90 cikin ɗari ko fiye, a goge har tsumman ya daina baƙi. Da yawa daga waɗanda suka daɗe a harkar sun koma farin sifirit na masu fenti, bisa hujjar cewa baƙin dattin nan yawancinsa tsatsar ƙarfe ce da ƙananan tartsatsin wuta ke haifarwa, kuma farin sifirit yana rage tartsatsin. Ko wanne ka zaɓa, buɗe taga, ka kashe wutar layin kafin ka fara. A ƙarshe ana iya ɗan zana fensir mai laushi a cikin gefen kan dogo nan da can, ƙafafu su baza shi. Kaɗan ake so, kuma ban da kan hawa, don yana kawo santsi. Dogon ƙarfe da tsatsa ta ci ta yi ramuka, canza shi ya fi sauƙi.

Yanzu bi layin da ɗan yatsa da ma'aunin tazara. Farce zai ji mahaɗin da dogo ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko wanda dogon ya hau saman mahaɗi maimakon ya shiga cikinsa. Sunkuya ka hango layin daga ƙasa-ƙasa: kwana ya kamata ya tafi sumul, duk inda ya yi gwiwa a mahaɗi wurin saukar jirgi ne. Kusar da aka buga da ƙarfi ta danne katakon gindi tana jawo dogo biyu su matso juna.

Mararraba, inda layi ke rabuwa, ita ta fi son haƙuri. Harsunanta biyu masu motsi su kwanta lif a jikin dogo. Tsakuwa ɗaya ko busasshen gam ya isa ya hana su. A yawancin tsofaffin mararrabu ta wannan taɓawar ce wuta ke wucewa, don haka a goge tsakanin harshe da dogo da 'yar takarda mai kauri da aka jiƙa da isofurofil. Wurin da dogo biyu suka gicciye, wanda masu harkar ke kira kwaɗo, iri biyu ne. Na filastik ba ya da wuta, gajeren kan jirgi yakan mutu a kansa. Na ƙarfe yana da wuta, amma dole a sa mahaɗan roba a dogo biyun da suka fito daga cikinsa, kuma ya fi aminci a ba shi wayarsa ta makunnin da ke sauya wuta tare da motsin harshe. Injin jan mararraba mai naɗin waya yana ƙonewa idan aka daɗe ana danna maɓalli. Na'urar da ke tara wuta a kafasita ta sake ta bugu ɗaya tana kare shi, tana kuma ƙara masa ƙarfi.

Idan sai an ɗaga layi, jiƙa tsakuwar da aka manne a gindinsa da ruwan ɗumi, a bar ta minti 15 zuwa 20. Farin gam na kafinta zai saki, sai a zura wuƙar fenti a ƙasa. Wajen mayarwa, baza busasshiyar tsakuwa da burushi, kada ko ɗaya ta zauna a kan katakan gindi ko a cikin gefen dogo. Fesa mata ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke har ta jiƙe, sannan a ɗiga gam da aka tsinka rabi da rabi da ruwa, ta sirinji. Idan ba a fara jiƙawa ba, gam ɗin zai dunƙule ya kwashi tsakuwar. A ba shi awa 24 zuwa 48, kuma a nisanta gam daga harsunan mararraba.

Kawunan jirgi

Kada ka tilasta wa tsohon kan jirgi tafiya ta ƙara wuta. Tsohon giris yakan daskare kamar kakin zuma, moto ya kasa juyawa ya ƙone. Buɗe shi a kan tire mai farin tsumma, ka ɗauki hoton kowane mataki. Kwashe tsohon giris da tsinken sakace da isofurofil, ka zare gashi da zaren da suka naɗe a sandunan ƙafafu da matsefata.

Duba siraran tagullar da ke gogar bayan ƙafafu suna ɗaukar wuta. Kowace ta taɓa ƙafarta ko da an tura ƙafar hagu ko dama. A moto mai buɗaɗɗen jiki, goge zoben tagullar amecha, wato sashen moto da ke juyawa, da auduga, ka share tsagoginsa da tsinken itace, ban da allura. Gawayin burushi da ya cinye a canza shi. Kada a zare maganaɗisun tsohon moto ba dalili, domin irin na da yana rasa ƙarfi idan aka raba shi da ƙarafan da ke kewaye da shi, daga nan moto ya riƙa zafi yana jan wuta da yawa.

Mai kuwa, ɗigon da ya tsaya a kan allura ya ishi kowane wurin juyawa, giris kamar ƙwayar shinkafa ya ishi haƙoran giya. Dole ya zama wanda aka rubuta ba ya cin filastik. Man girki yana yin danƙo, man feshin kwance kusa kuma ba man shafawa ba ne. Mai kada ya taɓa zoben amecha, ko fuskar ƙafa, ko robar da ke wasu ƙafafu don riƙe dogo. Yawan mai ya kashe kawuna fiye da rashinsa, domin yana malalowa kan dogo ya kama ƙura.

Don goge ƙafafu, shimfiɗa takardar goge hannu mai ɗan isofurofil a kan layi, ɗora rabin ƙafafun a kanta, sauran a kan dogo, ka riƙe kan jirgin ka ba shi wuta kaɗan su juya. Sai ka juya shi.

Ƙarar ƙwas-ƙwas da ke maimaituwa da kowane juyin ƙafa yawanci giyar filastik ce ta tsage a kan sandarta, sai canji. Gangar jikin ƙarfe da ta kumbura tana tsattsagewa kuwa ciwon gaurayen zinki ne da aka yi da gurɓataccen ƙarfe, ba ya warkewa, sai neman wata. Bayan gyara, bar kan jirgin ya zagaya shi kaɗai a matsakaicin gudu, minti 30 gaba, minti 30 baya.

Mai son sa wa tsohon kai dikoda ya fara tabbatar da yana tafiya lafiya a DC, domin dikoda ba ta gyara inji. Dole a raba bakunan moto biyu daga gangar jiki gaba ɗaya, a tabbatar da mita. A wayoyin dikoda, ja da baƙi suna zuwa ƙafafu, ruwan lemo da toka-toka zuwa moto. Sabuwar dikoda tana amsa umarni ne idan aka kira ta da lamba 3 a na'urar DCC.

Taragai da saukar jirgi

Idan taragai daban-daban suna sauka a wuri ɗaya, layin ne. Idan tarago ɗaya yana sauka a wurare daban-daban, shi ne. Auna tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa: a HO da OO wajen milimita 14.4 zuwa 14.5, a N kusan 7.6. Idan ta yi kaɗan ƙafa za ta maƙale a mararraba, idan ta yi yawa leɓe zai hau bakin kwaɗo. Ana gyarawa da murɗa ƙafar a hankali a kan sandarta.

Nauyi ma yana da ƙa'ida. Shawarar ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, ga HO ita ce kusan giram 28, a ƙara giram 14 ga kowane santimita 2.5 na tsawon tarago, wato tarago mai santimita 15 ya kai wajen giram 112. Tarago marar nauyi a tsakanin masu nauyi shi ake fizgewa a kwana. A manna nauyin ƙasa-ƙasa, a tsakiya. Ƙugiyoyi su zama tsayi ɗaya. Masu ƙugiyoyi irin na kamfanin Kadee su duba lanƙwasasshiyar wayar da ke rataye kada ta kama mararraba. Bogi shi ne firam ɗin da ke riƙe ƙafafun tarago: sukurun bogi ɗaya a ɗaure shi ya juya kawai, ɗayan a ɗan sassauta ya yi lilo. Sauya ƙafafun filastik da na ƙarfe yana rage dattin layi sosai.

Fili, da kulawar yau da gobe

Sai yanzu kwalliya. Tsagar filasta a cike ta, a shafa fentin ruwa marar ƙyalli. Ciyawar da ta koɗe ba sai an kankare ta ba, a shafa tsinkakken gam a yayyafa sabuwa a kai. Gansakukar da aka yi bishiyoyi da ita idan ta bushe, feshin gilisarin da ruwa yana dawo da laushinta. Tsofaffin ƙwayayen fitila suna zafi har su lanƙwasa rufin gini. A maye su da LED, kowace da rezista mai om 1,000 a kan bolt 12.

Daga nan, jirgin da ke yawan tafiya shi ke riƙe layinsa da tsabta, ko minti 15 a mako ya wadatar. A rufe shimfiɗar da yadi marar nauyi a kan ɗan firam don kada ya taɓa bishiyoyi, a tare hasken rana kai tsaye. Goge dogo idan fitilar jirgi ta fara ƙyaftawa, kuma a goge ƙafafu a rana ɗaya, in ba haka ba za su mayar da dattin. Mai sai sau ɗaya a shekara, ko idan an ji ƙara. A farkon kowane sauyin yanayi a bi gibin dogo da mararrabu da ido. Kan jirgin da za a ajiye na tsawon lokaci a naɗe shi da takarda marar asid kafin a mayar da shi kwalinsa, domin tsohon soson kwali yana ruɓewa ya manne wa fenti.